Zanen Gidan Uba

Hirekoppa, kusa da Gadag
Janairu, 1984

Zuwa ga ƙanena Narahari,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya. Kada ka juya ta kana neman sunan mai ita. Ni ce, Tunga, yayarka, wadda Baba ya yi wa wankan mutuwa tana da ranta. Ban mutu ba tukuna. Ka nemi wuri ka zauna, don tun kana yaro ba ka iya jin labari a tsaye ba.

Ɗana Mallesha ne ya gano ka. Direban babbar mota ne, yana kai albasa Bombay. Ya dawo ya ce mini, “Inna, na ci wainar shinkafa a wani gidan abinci a Matunga, na leƙa kicin na ga wani dattijo da hancinki a fuskarsa, yana ta yi wa ma'aikata faɗa a kan gishiri.” Na ce, “Da baƙin layi a tsaye a goshinsa?” Ya ce, “Da shi.” Na ce, “To kawunka ne, faɗan gishiri gadon Baba ne.” Da ya koma ya karɓo mini adireshi, amma kunya ta hana shi gaya maka ko shi wane ne.

Mu nan lafiya, sai abin da ba a rasa ba. Mijina Siddappa ya rasu shekarun baya. Mallesha kullum yana kan hanya, matarsa Nila ce ke ɗawainiya da ni, yarinya ce mai hankali, sai dai ba ta da surutu, ni kuwa ka san ni. Likita a Hubli ya ce akwai wani abu da ke girma a cikina. Ya rubuta mini magani yana kallon bango, ni kuma na gane. Gurasar dawar da nake cin uku a zama ɗaya, yanzu rabi ma da ƙyar.

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami bayan shekara talatin da wani abu. A garin nan idan mace ta rasu aka yi mata wanka, wata tsohuwa takan tsaya a bakin ƙofa ta ɗaga murya ta ce, “Ina 'yan gidan ubanta?” Sai ɗan'uwanta ya fito da sabon zane ya yafa mata. Ko matar da ba ta mallaki tsinke ba ana samun mai amsa mata. Na halarci irin wannan ba iyaka, har ni ma an taɓa sa ni na yi kiran. Tun da na dawo daga Hubli ba na tunanin komai sai shirun da zai biyo bayan kiran nan ranar tawa. Mutuwar ba ta ba ni tsoro, Narahari. Shirun nake tsoro.

Ba gafara nake nema ba, don ban taɓa nadamar bin Siddappa ba ko na yini guda. Zane nake nema daga gidan ubana, kuma ban san wanda ya rage a gidan ba sai kai. Ka ba ni labarin Inna da Baba, ko da na san amsar.

Yayarka,
Tunga

Matunga, Bombay
Fabrairu, 1984

Yaya Tunga,

Ina duƙawa in taɓa ƙafafunki. Ina lafiya da ikon Krishna, in ban da gwiwa da ke damuna saboda tsayuwa. Gaskiyarki, sai da na zauna. A kan buhun shinkafa na karanta takardarki, miya ta kama a tukunya, abin da bai taɓa faruwa da ni ba a gidan nan.

Baba ya rasu da daɗewa, Inna ta bi shi bayan shekara tara. An sayar da gidanmu na Udupi, na ji an sare kwakwar da ke bakin rijiya. Na yi aure, matata Sharada ta rasu ba mu samu haihuwa ba. Yanzu a wani ɗan ɗaki nake kwana a saman kicin, ni da akwatina da hoton Krishna. Na ɗauka ba ni da kowa a duniya, ashe ɗan yayata ya ci wainata ya biya kuɗi ya fita. Ki ce masa idan ya sake yi mini haka sai na ja masa kunne.

Yaya, na karanta takardarki har na haddace ta, kuma na gane abin da kika kasa faɗa. Kin ce ba gafara kike nema ba, to dama yaushe kika taɓa neman abu kai tsaye? Gida kike so ki dawo. Na yi kuka don murna. Na je wajen malaminmu na ba shi labari, ya ce akwai hanya: wanka ne da azumi da 'yar sadaka, sai ki cire dutsen nan da suka rataya miki a wuya. Na tuna masa cewa akwai tambarin Krishna a hannunki, wanda aka ɗora miki da ƙarfe mai zafi muna yara, ranar da ni na tsala ihu ke kuwa ko ƙifta ido ba ki yi ba. Wanda aka yi wa tambarin nan na Krishna ne har abada. Shiva babba ne, ban musa ba, amma shi kansa mai hidima ne a gaban Ubangijinmu. Don me za ki tsaya a wajen mai hidima alhali ƙofar maigida a buɗe take?

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, na ji mutanen mijinki rami suke sa mamaci, ba wuta, ba a kai toka teku, ba a miƙa masa dunƙulen shinkafa duk shekara. To me za ki ci a can? Ba zan iya sa loma a baki ba ina tunanin kina yawo da yunwa.

Ki taho Bombay. Ki hau gado, ni in kwanta a tabarma. Akwai manyan likitoci a nan. Idan lokacin ya yi ni zan sa miki wuta da hannuna, kamar yadda na yi wa Inna, kuma muddin ina numfashi ba za ki rasa shinkafarki ba. Har na sayi ƙarin matashin kai.

Ƙaninki,
Narahari

Hirekoppa
Maris, 1984

Narahari,

Ina gaishe ka, ina kuma yi maka sannu da gwiwa. Ka riƙa shafa man riɗi mai ɗumi. Ni jiki yau da sauƙi, gobe babu.

Haba ɗan Inna! Na ce zane, ka aiko mini da itace da ashana. Gemu ya yi fari amma har yanzu idan aka aike ka sayen manja sai ka dawo da kananzir. Ka mayar da matashin kan nan inda ka saye shi.

Abin da ka kira dutse, linga ne, alamar Shiva, kuma tun ranar da malaminmu ya ɗaura mini shi bai taɓa rabuwa da jikina ba, ko a ɗakin haihuwa. Kowace safiya nakan ɗora shi a tafin hannuna na hagu, in zuba masa ruwa, in sa masa fure, in yi ta kallonsa har in manta da ciwon. Ku kuna bin layi a ɗakin bauta ku leƙa Krishna ta taga, a ce muku ku matsa na baya su gani. Ni nawa Ubangijin a ƙirjina yake kwana. Tambarin yana nan a hannuna, ban ƙi shi ba, matan garin nan sun ɗauka ƙunar tanda ce, ni kuma na ƙyale su.

Batun yunwa kuwa, ka kwantar da hankalinka. Mu ba ma bin mamaci da abinci. Wanda ya tafi ya shige cikin Shiva ke nan, kamar a juye ruwan tulu a kogi, wa zai ji yunwar? Kai ne kake so ka tabbata a bakin ƙofar Ubangiji kana hidima har abada. Na san ka, ko a can ma kicin za ka nema.

Wurina a shirye yake. A gefen gonar dawa ne, kusa da Siddappa, ƙarƙashin darbejiya. A zaune za a sa ni, ƙafa a harɗe, linga a tafin hannu, yadda na saba zama da safe. Mutumin nan ya ɗauke ni ba ni da kowa, bai taɓa yi mini gori ba, ba zan bar shi shi kaɗai a gona in tafi teku ba.

Na yi maka faɗa, amma ka sani da na zo wajen labarin Inna sai da Nila ta karɓi takardar daga hannuna. Na daɗe da sanin ba za ta kai yanzu ba, amma sani daban, gani a rubuce daban. Ka gaya mini gaskiya, ta taɓa ambatona? Idan ba ta yi ba kada ka ƙirƙira, zan gane.

Zane kawai, Narahari. Idan ba za ka iya ba ka faɗa mini, in san yadda zan shirya wa shirun.

Tunga

Matunga
Maris, 1984

Yaya,

Ina gaishe ki. Na ji faɗa, na gode. Ba zan sake cewa komai a kan wuta ba, ko da yake zuciyata ba ta yarda ba, kuma matashin kan ba za su karɓa ba.

Inna ta ambace ki. Baba ya hana a faɗi sunanki a gidan, sai da saniyarmu ta haihu Inna ta raɗa wa 'yar maraƙar Tunga. Baba ya yi tsalle ya dire, ta ce ai sunan kogi ne, ko an hana kiran kogi? Kullum da yamma sai ki ji ta a bayan gida, “Tunga, zo ki ci. Tunga, ina kika shiga?” Har saniyar ta tsufa a hannunta.

Ga zane nan a ƙunshi. Na sha yawo kafin in samu, don ba a cika saƙa irinsa yanzu ba. Irin wanda ya dace da ke ne.

Narahari

Matunga
Yuni, 1984

Yaya Tunga,

Gaisuwa da fatan kina lafiya. Na rubuta “fatan” ne don wata uku ke nan ban ji daga gare ki ba. Damina ta sauka, ɗakina yana yoyo ta kusurwa, gwiwa kuma ta ce ba ta san zancen man riɗi ba. Na aika kati a watan jiya, shiru. Duk ranar da na samu sarari sai in tafi kasuwar albasa in yi ta leƙa fuskar direbobi, alhali ban san kamannin Mallesha ba. Hancina kawai nake nema a fuskar wani. Har 'yan dako sun fara yi mini kallon mahaukaci.

Shekara da shekaru ina zaune ni kaɗai ban damu ba. Takarda biyu kika yi mini, yanzu ɗakin nan ya yi mini faɗi.

Jiya na gano ɓarnar da na yi. Akwai wata Basamma da ke kawo mana ganye, mai linga ce irinku, 'yar wajen Bijapur. Ta ga na zabge ta ce, “Baba mai gishiri, wa ya mutu?” Na ba ta labari. Ta ce, “Wane irin zane ka aika?” Na ce ja, marar ado ko a bakinsa, na matan da mazansu suka rasu. Ta ajiye kwando ta dafe kai. Ta ce, “Wayyo ni! Kai da ka yi ta karatu ashe ba ka san komai ba? A wajenmu mace mai linga mijinta na gaskiya, Shiva, ba ya mutuwa. Da kore take tafiya, kamar amarya. Ka aika wa yayarka zanen zaman makoki, ka ce ta je gaban Shiva da shi? Ni ce da na dawo maka da shi da mari a ciki.”

Yaya, ki saurare ni. Ranar da Baba ya rasu aka aske kan Inna, ta ɗaura jan zane, ba ta sake ɗaura wani launi ba. Sau ɗaya take cin abinci a yini, mutane suna zuwa neman albarkarta. A cikin irinsa na naɗe ta na kai ta wuta. Da kika ce zanen gidan uba, ni ban san wani zane da ya fi wannan daraja ba. Abin da na yi wa Inna shi na so in yi miki, shi ke nan abin da nake nufi.

Basamma ta raka ni kanti ta zaɓo kore, saƙar garin Ilkal, mai jan kai na siliki. Ta sa an rage mini kuɗi da bala'in bakinta. Yana cikin akwatina. In aiko? Ko zagi ne ki rubuto, in dai da hannunki ne.

Ƙaninki,
Narahari

Hirekoppa
Yuli, 1984

Narahari,

Ina gaishe ka. Ba rubutuna ba ne wannan, Nila ce ke rubutawa ina faɗa, don alƙalami ya fara yi mini nauyi. Saboda haka zagin da ka nema ba zai samu ba, ba na zagi a gaban suruka.

Ranar da ƙunshinka ya iso na yi abin da bai kamata ba, na yi fariya. Na aika aka kira matan layinmu, na ce su zo su ga abin da ƙanena na Bombay ya aiko, su da suke cewa daga sama na faɗo. Aka cika tsakar gida. Nila ta yanke zare ta buɗe. Sai tsohuwa Gaurawwa, wadda ita ce mai kiran nan a garinmu, ta ce, “Ashe har yanzu ba su huce ba.” Suka sulale ɗaya bayan ɗaya. Na sake duba takardarka na ga “irin wanda ya dace da ke”, sai na ji muryar Baba sak. Na ce to, yaron da na goya ya girma ya zama ubansa. Na cusa zanen a ƙasan akwati na juya wa bango fuska. Katinka ya zo, na ce Nila ta sa shi a murhu. Ta ce mini yanzu ba ta sa ba.

Da takardarka ta ƙarshe ta zo, na sa aka ciro shi. Narahari, ban san an aske Inna ba. Na san al'adar, amma ban taɓa kawo ta a kanta ba. Gashin nan da ke kai mata har kugu, wanda nake shafa wa man kwakwa duk ranar Juma'a ina kitsa mata? Duk shekarun nan da gashinta nake ganinta. Na rungume zanen na yi kukan da ban yi ba tun rasuwar Siddappa. Yanzu da shi nake rufa, don ina jin sanyi ko da rana. Gaurawwa ta zo ta gan ni a ciki ta taɓe baki, na ce, “Na uwata ne, idan bai yi miki ba ga ƙofa.”

Koren kuma kada ka kuskura ka aiko shi. Gidan waya ba ya amsa kira. Ka kawo shi da ƙafarka, ka zo ina iya gane fuska, in ga yadda hancina ya zauna a kanka. Ina da tambayoyi da yawa, kuma takarda ba ta ɗaukar faɗa yadda nake so.

Yayarka,
Tunga

Kawu, ni ce Nila, na ƙara wannan ba ta sani ba. Kunu kaɗai take sha yanzu, shi ma cokali kaɗan. Duk motar da ta tsaya a bakin hanya sai ta ce in leƙa. Don girman Ubangijinka kada ka daɗe.

Matunga
Agusta, 1984

Yaya Tunga,

Ina taɓa ƙafafunki. Da na ga takardarku sai da na ƙara wa kowa waina a faranti, mai gidan yana hararata.

Zan zo. Sai dai bikin haihuwar Krishna ya matso, mutanenmu na Udupi duk nan suke buɗe baki bayan azumi, kuma babu wanda aka yarda ya dafa abincin ranar sai ni. Ban taɓa fashinsa ba tun da na zo garin nan, ba zan iya barin Ubangiji ranar haihuwarsa a hannun masu zabga gishiri ba. Ana gamawa zan hau jirgi. Ke da kika jure ƙarfe mai zafi, 'yan makonni ba za su gagare ki ba.

Abu ɗaya, kada ranki ya ɓaci. Kin san ba na cin girkin da ba na mutanenmu ba. Zan taho da tukunyata da shinkafata, Nila ta kafa mini duwatsu uku a wani gefe na tsakar gida, ruwa kuma ni zan ja da kaina. Ba ƙyama ba ce, alkawari ne. Amma zan dafa miki miyar kabewa da kwakwa irin ta Inna, ko cokali ɗaya ne ki sha ki gaya mini ko na iya.

Ki tanadi tambayoyinki, ni ma ina da nawa.

Narahari

Wayar tangaraho, daga Gadag zuwa Matunga
Satumba, 1984

INNA TA DAINA SHAN RUWA. KA TAHO YAU. NILA.

Matunga
Oktoba, 1984

'Yata Nila,

Ina gaishe ki, ina gaida Mallesha. Na iso lafiya. Na koma aiki, ko da yake sun ce hannuna ya canza a miya.

Ki yafe mini tafiyar da na yi ban ci komai a gidanku ba, ban kuma yi sallama yadda ya kamata ba. Kun yi kiɗa, kun watsa furanni, kun ɗauke ta a kujera kamar mai zuwa biki, malaminku ya ɗora ƙafarsa a kanta don sa albarka, kowa yana murna ta isa gida. Ni kaɗai nake kuka a cikin taron nan, har wata ta ce mini, “Baba, a nan ba a yi.” Ban ji haushinta ba, amma na rasa inda zan sa kaina, shi ya sa daga gonar na wuce tasha.

Da na dawo na je wajen malaminmu a kan a yi mata abin da ake yi wa mamatanmu. Ya ce ina toka? Na ce babu. Ya ce to ba shi da abin da zai kama. Sai na dafa shinkafa da kaina na dunƙula, na hau rufin kicin na ajiye wa hankaki, don a wajenmu idan hankaka ya ci, mamaci ya karɓa ke nan. Na daɗe a tsaye a rana, ko ɗaya bai sauka ba. Mu mukan ce mamacin ya tafi da wani abu a ransa. Ita kuwa da cewa za ta yi ta ƙoshi, in sauko kafin in faɗo. Ban san wanne zan ɗauka ba.

Amma ba wannan ya sa na rubuto ba. Kin ga abin da na yi da na shigo gidanku, ina so ki san dalili, kada ki ɗauka kawunku ya taɓu.

A gidanmu idan mutum ya cika, a ƙasa ake shimfiɗe shi, a rufe shi har fuska, tun daga bakin titi kana jin kuka. Ta gaya mini a zaune za a sa ta a rami, amma ba ta gaya mini tun a gida kuke zaunar da mutum ba. Na sauko daga mota da sassafe, tukunya a hannu ɗaya, akwati a ɗaya, ban ji kuka ba, sai ƙamshin turare. Na shigo na gan ta zaune ta jingina da ginshiƙi, an wanke ta tsaf, toka layi uku a goshi, fure a gashinta, ga jan zanen nan a kafaɗarta, mata sun kewaye ta suna waƙa a hankali. Na ce a raina, ashe ta ji sauƙi, kwalliya ta yi mini, har da tara mutane don ta yi fariya da ni yadda ta so.

Shi ya sa kika ji na ce, “Yaya, ashe tsorata ni kika yi! Ga ki garau.” Na ajiye tukunya na zauna a gabanta. Na ga idonta a rufe na ce fushi ne, dama haka take yi mini muna yara idan na makara. Sai na shiga ba ta haƙuri, na ce jirgi ne ya tsaya a Sholapur. Na nuna mata kabewar da na kawo. Na ce ta buɗe ido ta ga hancin nata. Na gaya mata yadda na bi motar da ta tafi da ita da gudu har bakin gada, abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Na ga Mallesha ya yunƙuro zai yi magana, na ga kin ɗaga masa hannu ya koma. A lokacin na ɗauka ladabi ne, kada a katse babba.

Ban san iya lokacin da na ɗauka ina surutu ba. Na san dai a duk rayuwata ban taɓa jin daɗin magana kamar na wannan safiyar ba, don ina da yaya, tana zaune tana ji na, kuma ga shi ko sau ɗaya ba ta katse ni ba. Da ina da wayo, da daga nan na gane.

Sai tsohuwar nan Gaurawwa ta miƙe ta tsaya a bakin ƙofa. Ta dube ni, ta daɗe tana dubana, sannan ta ɗaga murya ta ce, “Ina 'yan gidan ubanta?”

A nan na sani. Na ji gidan ya yi tsit, irin shirun da ta ce tana tsoro. Shi ya tashe ni. Ban yarda ya yi tsawo ba, Nila, ke shaida ce. Na ce, “Ga ni.” Muryar ba ta fita sosai ba, sai na sake faɗa da ƙarfi yadda na bakin titi za su ji. Na buɗe akwati na ciro koren na yafa mata da hannuna, a kan jan, don kin ce ta hana a cire shi.

Na gode da kika ɗaga hannun nan. Tukunyar da na bari ki riƙe, ba mantuwa na yi ba. Idan Mallesha ya kawo albasa ki ce ya shigo ta ƙofar kicin, ya ce kawunsa yake nema.

Kawunku,
Narahari